Fashin Baƙi: Me Ya Sa Hayar Gida a Abuja Ta Gagari Mai Albashi?

Me ya sa kuɗin haya ke ta hawa a garin da duk inda ka waiga gini ake yi? Ta yaya za a ce ana ƙarancin muhalli a Abuja alhali ga manyan gidaje nan a kulle shekara da shekaru, babu kowa a ciki sai maigadi? Kuma me ya hana gwamnati ta tsawata wa masu gidaje, ta yanka musu farashin da ba za su wuce ba? Waɗannan tambayoyi ne ke yawo a bakin ma'aikata, a harabar masallaci bayan Azahar, a teburin mai shayi, da cikin motar haya idan gosulo ya tsayar da kowa.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce masu gidaje ba su da imani, dillalai kuma sun fi su. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma maganar ba ta tsaya nan ba. Kano da Kaduna ma suna da masu gidaje marasa tausayi, sai dai albashin da zai kama wa mutum gida mai ɗaki uku a can, a Abuja ɗaki ɗaya zai ba shi. A ganina ciwon yana cikin tsarin garin ne: wa ake ba fili, ina ake kai titi da ruwa, da kuma yadda ake biyan mutum wata-wata sannan a nemi ya kawo kuɗin shekara a dunƙule.

Nawa ake biya, kuma a wace unguwa?

Babu hukumar da ke tsayar da farashin haya a Abuja. Abin da zan kawo shi ne kimanin abin da aka saba jin dillalai suna yankawa a 2025, kuma gida biyu a layi ɗaya ma sukan bambanta, gwargwadon sabuntar gini, ruwa, wuta da tsaro.

A Maitama da Asokoro, da wuya a sami fulat mai ɗaki uku a ƙasa da naira miliyan 10 a shekara. Gida sukutum kuwa maganar gomman miliyoyi ake yi, wasu ma da dala ake cinikinsu. A Wuse II, Jabi, Utako, Wuye, Jahi da Katampe, mai ɗaki biyu yakan kama daga miliyan 4 zuwa 8. Idan aka matsa zuwa Gwarinpa, Life Camp, Apo da Lokogoma, sai ya sauko tsakanin miliyan 2 da rabi zuwa 5. Kubwa, Lugbe da Karu su ne matattarar matsakaitan ma'aikata: mai ɗaki biyu miliyan 1 da rabi zuwa 3, ciki da falo wajen miliyan 1 ko sama da haka, sannan ɗaki ɗaya mai banɗaki da kicin, wanda ake kira sef-kon, daga dubu 500 har ya haura miliyan. Sai an kai Kuje, Gwagwalada da Zuba, ko an tsallaka Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla a jihar Neja, kafin a fara jin dubu 300 ko 400 na sef-kon, da ɗaki ɗaya a gidan yawa wanda ya gaza haka.

Yanzu a ajiye wannan kusa da albashi. Mafi ƙarancin albashi da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato 840,000 a shekara. Mai wannan albashi, ko da bai ci ba bai sha ba, bai hau mota ba har shekara ta zagayo, ciki da falo a Kubwa ya fi ƙarfinsa. Ɗan bautar ƙasa da aka turo Abuja yana karɓar 77,000 a wata, shi ma sai dai ya raɓa da wani ɗan'uwa ko su haɗu su huɗu a ɗaki ɗaya.

Kuɗaɗen da ke bin bayan kuɗin haya

Baƙo a Abuja yakan ɗauka idan an ce gida miliyan 2 ne, to miliyan 2 zai nemo. Tun kafin ya ga gidan ma an fara cajinsa. Dillali zai ce, "Alhaji, sai ka ba da na dubawa tukuna," ya karɓi 'yan dubbai, ya shiga motarka ko ka biya masa tasi. Kuna isa ƙofar gidan sai ka tarar ba shi ke da makulli ba. Zai kira wani, wancan ya kira wani, ku tsaya cikin rana har na uku ya iso a kan babur. Duk ukun nan suna da kaso a la'adar da za ka biya, kuma a cikinsu mai yiwuwa babu wanda ya taɓa ganin mai gidan ido da ido.

Idan gidan ya yi maka, sai a zo lissafi. La'adar dillali yawanci kashi 10 cikin 100 ce ta kuɗin hayar. Kuɗin lauya, wato na rubuta yarjejeniya, kashi 5 zuwa 10. Sai kuɗin ajiya saboda ɓarna, wanda a ƙa'ida za a mayar maka ranar da ka tashi idan ba ka lalata komai ba. A rukunin gidaje kuma akwai kuɗin hidima na shekara: masu gadi, kwasar shara, famfon burtsatse, wani wurin har da man janareta. A ɗauka gidan miliyan 2 ne: la'ada 200,000, lauya 200,000, ajiya 200,000, hidima 300,000. Ka ga an tashi a miliyan 2 da dubu 900, ba a yi maganar fenti, labule da motar kwasar kaya ba. Wasu masu sababbin gidaje kuma cewa suke sai an biya shekara biyu a shigar farko.

Wannan ne ya sa mai gida ke da ƙarfin hali wajen ƙara kuɗi. Ya san idan ya ɗora maka 400,000, tashi zai ci maka fiye da haka, domin za ka sake biyan la'ada da lauya da ajiya a wani wurin, ga sauya wa yara makaranta. Sai ka haɗiye ka biya.

Kuɗin lauyan nan shi ya fi ci mini rai. Sau da yawa takarda ɗaya ce a ajiye a kwamfuta, suna da kwanan wata kawai ake canjawa. Lauyan na mai gida ne, sharuɗɗan da ke ciki mai gida suke karewa, amma ɗan haya ne ke biya.

Ƙasar Abuja a hannun wa take?

Nan ne tushen maganar. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Mohammed ta karɓi shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ta kafa dokar da ta ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya, ta kuma mayar da ƙasar yankin gaba ɗaya mallakin Gwamnatin Tarayya. Tsarin mulkin 1999 ya sake tabbatar da haka a sashe na 297. A aikace, ministan Abuja ne kaɗai ke da ikon ba da fili, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan. Takardar da mutum ya samo daga hakimi ko daga ƙaramar hukuma ba ta zama hujjar mallaka a gaban FCDA, hukumar raya Babban Birnin Tarayya, ba.

Taswirar birnin da aka kammala a 1979 ta tsara a gina shi mataki-mataki, a kai tituna, magudanai, ruwa da wuta kowace gunduma kafin mutane su shiga, har ya ɗauki kimanin mutum miliyan 3 idan an gama. An dawo da fadar gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamban 1991, zamanin Janar Babangida. Mataki na farko, wato Maitama, Asokoro, Wuse, Garki da tsakiyar birni, shi ya sami cikakken aiki. Sauran gundumomin an raba filayensu a takarda, amma titi da ruwa suka yi ta jan ƙafa. Akwai wuraren da aka raba shekaru da dama da suka wuce, har yau idan damina ta sauka sai mota mai ƙarfi ke shiga.

Abu biyu suka biyo baya. Na farko, filin da ke da titi da ruwa ya yi kaɗan, don haka ya yi tsadar da ba ta da misali. Na biyu, tun da daga ofis ɗaya fili ke fitowa, ya zama kyautar da ake yi wa masu uwa a gindin murhu. Wanda aka ba sau da yawa ba gini ne a ransa ba. Ajiyewa zai yi ya sayar, wanda ya saya shi ma ya jira farashi ya ƙara hawa. Kafin fili ya iso hannun wanda zai zuba bulo da gaske, ya ratsa hannu uku ko huɗu. To, wanda ya sayi fili a kan ɗaruruwan miliyoyi a Jahi ko Katampe ba zai gina ciki da falo don malamin firamare ba. Lissafinsa ba zai fita ba sai ya gina irin gidan da zai saka wa miliyoyi masu yawa.

Talaka kuma sai ya nufi ƙauyukan 'yan asalin yankin, galibi Gbagyi, waɗanda birni ya zo ya kewaye: Garki ƙauye, Mabushi, Durumi, Gishiri, Ɗakibiyu, Mpape da makamantansu. A nan ake samun ɗaki da sauƙi kusa da wurin aiki, sai dai ginin ba ya cikin taswira, kuma kullum da fargabar rusau ake kwana. Mai ginin ya san haka, shi ya sa ba ya kashe kuɗi a kan magudana ko banɗaki mai kyau, yana kuma ƙoƙarin mayar da kuɗinsa da wuri kafin katafila ta iso.

Yadda ƙaramin ma'aikaci ya bar tsakiyar gari

Dattawan ma'aikata suna tuna lokacin da masinja da direba ke zaune a gidajen gwamnati a Area 1, Area 2 ko shiyyoyin Wuse, suna zuwa ofis a ƙafa ko a bas ɗin ma'aikata. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta fito da tsarin mayar da alawus-alawus kuɗi, ta daina ba ma'aikaci gida, ta zuba kuɗin muhallin a cikin albashi. Daga 2005, lokacin da Malam Nasir El-Rufai ke ministan Abuja, aka shiga sayar da gidajen gwamnati, har da rukunin 'yan majalisa na Apo. Waɗanda ke ciki a lokacin da yawa sun mallaka, kuma sun ci riba. Wanda aka ɗauka aiki bayan nan kuwa bai tarar da komai ba sai alawus ɗin da ba ya kama ɗaki. Da yawa daga waɗanda suka saya ma, da suka ga kuɗin da gidan zai kawo, sai suka ba da shi haya ko suka sayar wa kamfanoni, su kuma suka koma bayan gari.

A shekarun ne aka yi manyan rusau a wurare irin su Idu-Karmo da Chika, aka kuma hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006. Ko mutum yana goyon bayan gyaran taswira ko ba ya yi, dubban da aka tasa ba barin Abuja suka yi ba. Kwarara suka yi zuwa Nyanya, Mararaba, Kubwa, Gwagwa da Suleja, haya ta tashi a can.

Sai kuma jama'a suka yi ta ƙaruwa. Ƙidayar 2006 ta ba Birnin Tarayya mutum miliyan 1.4, ba a kuma sake ƙidaya ba tun daga nan, amma duk mai ido ya san adadin ya ninka. Rikicin Boko Haram ya koro mutane daga Borno da Yobe, 'yan bindiga suka koro wasu daga Zamfara, Katsina, Kaduna da Neja. Masu hali sun kwaso iyalansu sun kama gidaje, marasa hali sun cika kangwaye da sansanoni. A cikin Abujan ma tsaro yana motsa farashi. Bayan sace-sacen mutane da aka yi a yankin Bwari a farkon 2024, duk mai iko ya so ya matso ciki ko ya shiga rukunin gidaje mai ƙofa da masu gadi.

Abin da ya faru daga 2023

Tsallen da haya ta yi a 'yan shekarun nan yana da dalilai na kusa. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a Oktoban 2024. A Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Buhun siminti da ake saya wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a Fabrairun 2024. Rodi, kwanon rufi, tayil, wayar wuta da fenti duk suka bi sahu. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar masu layin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga kusan naira 68 zuwa 225 a kowane yunit, abin da ya tayar da kuɗin hidima a rukunonin gidaje.

Sabon gida ya yi tsadar ginawa, don haka ya fito da tsada. Mai tsohon gida a maƙwabta, wanda ya gama nasa tun buhun siminti bai kai 2,000 ba, sai ya ji nawa aka saka wa sabon, shi ma ya ɗaga. Dillali kuwa shi ne mai kai labarin, tun da la'adarsa kaso ce: duk yadda haya ta hau, rabonsa ya ƙaru. Ga kuma sabon salon mayar da fulat masaukin kwana-kwana, inda mai gida ke zuba kujeru da talabijin yana karɓar kuɗin dare. Duk fulat ɗin da ya koma haka a Wuse II ko Jabi, an rage wa masu neman na shekara guda ɗaya.

Gidajen da babu kowa a ciki

Ka bi wasu layukan Maitama, Asokoro ko Guzape bayan Isha'i. Za ka wuce gida mai hawa biyu, tagoginsa duk duhu, ciyawa ta fara cin tsakar gida, ƙwan lantarki ɗaya ne ke ci a ɗan ɗakin bakin ƙofa. A nan maigadi yake, galibi ɗan Arewa, da tabarmarsa da rediyonsa da risho. Wani lokaci 'yan garinsu biyu ko uku, mai wankin takalmi da mai yankan farce, suna kwana a wurinsa saboda ba su da inda za su sa haƙarƙarinsu.

Mai irin wannan gida ba ya jin zafin zamansa a kulle. Bai ci bashin banki ya gina ba, balle wata ya ƙare a zo masa. Ya gina ne don ya adana dukiya, saboda naira na zubewa, gini kuwa yana ƙara daraja. Wani kuma kuɗin ne ba ya son a tambayi asalinsu. A Disamban 2024 kotu ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya wani rukuni mai gidaje 753 a Lokogoma, wanda hukumar EFCC ta ce wani tsohon babban jami'in gwamnati ne ya gina da kuɗin haram. Rukuni ɗaya ke nan da aka gano.

Shi ya sa maganar ƙarancin gidaje take da ruɗani. Abuja tana da rarar gidajen masu kuɗi, tana kuma fama da ƙarancin na masu albashi, kuma kasuwannin biyu ba sa haɗuwa. Ko an rage rabin kuɗin gidan Asokoro, ma'aikaciyar jinya ba za ta iya kama shi ba.

Mai gida ma yana da ta cewa

Ba adalci ba ne a haɗa kowa a kwando ɗaya. Yawancin masu gidajen Kubwa, Karu da Dutsen Alhaji ba attajirai ba ne. Akwai tsohon ma'aikacin da ya zuba kuɗin sallamarsa ya gina fulat huɗu, da su yake ci, da su yake sayen maganin hawan jini. Akwai matar da mijinta ya rasu ya bar mata gida ɗaya da marayu. Idan ɗan haya ya ce wa tsohon ma'aikacin nan, "Baba, a duba mana, albashi bai ƙaru ba," amsar da zai bayar ita ce shi ma kasuwar da kake zuwa ita yake zuwa, kuma famfon burtsatse da ya ƙone bara ya ninka kuɗi.

Game da kuɗin shekara kuwa, hujjarsu ita ce tsoro. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: akwai 'yan hayar da ke biyan shekarar farko su zauna ta biyu da ta uku kyauta, shari'a ta yi ta jan lokaci, ranar da suka tashi kuma a tarar sun bar bashin wuta da gida a lalace. Babu wata rajista da mai gida zai duba ya san tarihin wanda ke neman gidansa, don haka yake kare kansa da karɓar kuɗi a gaba.

Sai dai wannan tsoro yakan wuce gona da iri. Ana hana mace marar aure gida ko da tana da aikinta, ana juya wa mai iyali da yawa baya, wasu har ƙabila da addini suke tambaya kafin su faɗi farashi. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya takwas ya san wannan ciwo. Shi ya sa da yawa daga mutanenmu suka bar iyali a Kaduna, Zariya, Kano ko Katsina, suna zaman gwauranci a Abuja, sai Juma'a su kama hanya. Yara suna tashi suna ganin mahaifinsu kwana biyu a mako, wani ma sai ƙarshen wata. Wannan asara ce da ba ta fitowa a cikin rasit.

Arahar nesa

Wanda ya gudu Masaka ko Suleja don sauƙin haya, sau da yawa an gudu ne ba a tsira ba. A ɗauka yana kashe naira 2,500 a rana zuwa da dawowa. A kwanakin aiki 22, 55,000 ke nan a wata, 660,000 a shekara. Idan matarsa ma tana aiki a cikin gari, a ninka. Sai a ƙara kuɗin 'yan ga-ruwa, tun da famfon gwamnati bai kai can ba. Sai lokaci: mai son ya isa Sakatariyar Gwamnatin Tarayya ƙarfe takwas daga Mararaba, da an sallame Asuba yake fita, ya tsaya a bakin titi cikin ɗaruruwan mutane ana kokawar shiga mota, a ja jiki ta Nyanya da gangaren Kugbo har mahaɗar AYA da ke Asokoro. Da dare kuma ga fargabar 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi. Bambancin kawai shi ne kuɗin mota kullum ake fitar da shi kaɗan-kaɗan, na haya kuwa a dunƙule ake nema, kuma dunƙulallen ne talaka ba shi da shi.

Abin da doka ta tanada wa ɗan haya

Mutane da yawa suna tashi a firgice daga gidan da doka ba ta ce su tashi ba. Dokar da ke aiki a Abuja, wadda lauyoyi ke kira Recovery of Premises Act, ta ce idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan shekara-shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida, mai biyan wata uku-uku sanarwar wata uku, mai biyan wata-wata sanarwar wata ɗaya. Bayan wa'adin ya cika, sai a sake ba shi takardar kwana bakwai cewa za a kai shi kotu. Alƙali ne kaɗai ke ba da umarnin fitar da mutum. Cire ƙofa, kware rufi, yanke wuta, watso kaya waje ko turo 'yan daba duk saɓa doka ne, kuma ɗan haya na iya neman diyya a kai. Bashin haya ma ba aikin 'yan sanda ba ne.

Amma a lura da wannan sharaɗi na "idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba". Yawancin takardun da ake sa wa hannu yanzu an rubuta cewa hayar ta shekara ɗaya ce tak, ko kuma sanarwar wata ɗaya ta wadatar. Wanda ya sa hannu a kan haka ya sarayar da wata shidansa. Haka wanda kuɗinsa ya ƙare bai sabunta ba, kada ya dogara da wata shida, kuma duk kwanakin da ya ƙara a gidan kotu za ta sa ya biya. Ƙarin kuɗi kuwa tayi ne, sai ɗan haya ya amince yake zama farashi. Idan bai amince ba, abin da mai gida zai iya shi ne ya bi matakan sanarwa.

Kafin a biya ko sisi, a ga mai gidan ko lauyansa da takardar wakilci, a tura kuɗi ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunansa, a karɓi rasit. A duba mita ko akwai tsohon bashin kamfanin wuta na AEDC a kanta. A ɗauki hoton duk abin da aka tarar a lalace saboda ranar neman kuɗin ajiya. A tambayi maƙwabta yadda layin yake da damina, musamman a sassan Lugbe da Lokogoma da ambaliya ta sha yi wa ɓarna. An sha karɓar kuɗin mutum biyar a kan ɗaki ɗaya, dillali ya kashe waya.

Me gwamnati za ta iya yi?

Masu cewa a yanka farashi da doka suna da uzuri, amma ban ga zai yi aiki ba. Inda mutum goma ke neman ɗaki ɗaya, mai gida zai rubuta farashin gwamnati a rasit, ya karɓi sauran da sunan kuɗin hidima. Legas ta yi doka a 2011 da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ba ta hana haya tashi ba. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kawo ƙudurin da zai sa a Abuja a biya wata uku a farko sannan a koma wata-wata. Ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa, bai zama doka ba. Tunanin yana da kyau, sai dai ba zai zauna ba sai an ba mai gida tabbacin cewa wanda ya ƙi biya, kotu za ta raba su cikin makonni.

Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 don fara aiki da ita, ta kawo rangwamen haya, kuma ana yi masa gurguwar fahimta. Ba kuɗi za a mayar wa mutum ba. Za a cire kashi 20 cikin 100 na hayar da ya biya, iyaka naira 500,000, daga kuɗin shigar da ake lissafa masa haraji a kai. Mai biyan miliyan 1 da rabi za a cire masa 300,000, kuma idan yana matakin harajin kashi 15, abin da ya tsira da shi 45,000 ne a shekara. Sai kuma da shaidar biya, wani dalilin ke nan na riƙe rasit. Mai shayi da ɗan kasuwar da ba sa cikin tsarin albashi da wuya su ga amfaninsa.

Asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana cire kashi 2.5 daga albashin ma'aikaci, bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, kuma yana ba da rance a kan ruwan kashi 6 har zuwa shekara 30. Da sauƙi idan aka gwada da bankunan kasuwanci da ke haura kashi 20, amma sai ka sami gida mai cikakkiyar takarda wanda rancen zai iya saya, kuma irinsa ne babu. A Fabrairun 2024 an aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana. Abin a yaba ne, sai dai adadin kaɗan ne a garin miliyoyi, kuma abin lura shi ne nawa za a sayar da su da kuma wa zai samu.

Inda hukuma ke da ƙarfi na gaske shi ne ƙasa, tun da a hannunta take. A Maris ɗin 2025 ministan Abuja Nyesom Wike ya soke takardun filaye 4,794 saboda rashin biyan harajin fili na sama da shekara goma. Wannan ya nuna idan an ga dama ana iya taɓa manya. Irin wannan ƙarfi nake so a gani a kan filin da aka riƙe shekara ashirin ba gini, da gidan da aka kulle ba mai zama: a ɗora musu harajin da zai sa riƙewar ta yi zafi. Filayen da aka ƙwato kuma kada su koma hannun wasu 'yan gata. A ba masu ginin da suka amince da sharaɗin yin benaye masu ƙananan fulat. A yi wa dillalai rajista, a tsayar da la'ada ɗaya komai yawansu, wanda ya ɗauki lauya kuma shi ya biya shi.

Sai sufuri, domin da za a iya zuwa Sakatariya daga Masaka cikin rabin awa a farashi mai sauƙi, da masu gidajen cikin gari sun rage taurin kai. Jirgin ƙasan cikin birni da aka buɗe a Yulin 2018, ya tsaya a 2020, aka farfaɗo da shi a Mayun 2024, yana zuwa filin jirgin sama ta Idu, wani reshen kuma ya nufi Kubwa. Hanyar Nyanya da Mararaba zuwa Keffi, wadda ta fi kowace ɗaukar ma'aikata safe da yamma, har yanzu layin dogo bai bi ta kanta ba.